Shaidun Dankure

Rumfata da ta Dankure jere suke a layin 'yan kifi na kasuwar Birnin Kebbi, tun garin yana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ba zan ɓoye ba, sa'arsa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan Argungu ne, ubansa mai faskare, shi kuma da kai wa mata masu bandar kifi itace ya fara. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma kwandonsa yakan ƙare nawa bai yi rabi ba. Ga dariya kamar biyan sa ake yi, kowa ɗan'uwa ne a bakinsa, har mai bin sa da harara, wato ni.

Shekarar da ya sayi jan babur sabo fil, ranar da ya kafe shi a gaban rumfa abinci bai yi mini daɗi ba. A shekarar ce kuma ma'aikacin haraji ya shigo layinmu. Mutumin ya yi bayani dalla-dalla: za a cire abin da ka kashe wajen sayen kifi da itace da kuɗin mota, a yanka haraji a kan riba kaɗai, amma sai ka nuna rasit. In babu, duk cinikinka riba ne.

"Rasit bakin gulbi?" in ji Dankure. "Wa ka rubuta shi, kada?"

Gaskiyarsa. Masunta da musafaha suke ƙulla ciniki, a ce Allah ya sa albarka, a ɗora kaya. Amma abin da za a yanka masa ba zai biyu ba sai ya sayar da babur. Ma'aikacin mai sauƙin kai ne, ya ce to ya kawo shaidu ofis.

Mutum biyu Dankure ya aika a kira. Ranar Litinin sai ga motar katako maƙil da masuntan Argungu, dattijonsu Hodi a gaba da babbar riga. Kowa ya bar tarunsa ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. Na rufe rumfa na bi su don in ga ƙwal uwar daka, zuciyata tana tafasa. Wa zai bar sana'arsa domina?

Dankure ya riga ya faɗi gaskiyar 'yan kwandunan da yake saye a mako. Ma'aikacin ya tambayi Hodi ko haka ne. To, a wurin mutanen nan abin kunya ne ka ƙanƙanta naka a gaban baƙo. Hodi ya gyara hula.

"Ranka shi daɗe, wanga ba mai sayen kwando ba na. Jirgi guda shika kwashewa!"

"Jirgi biyu!" in ji wani daga baya. "Tun da munka san shi bai taɓa taya kihi ya bari ba."

Dankure ya yi tari, ya ƙyafta ido, har ya taka ƙafar Hodi. Suka ɗauka kawaici ne, suka ƙara ƙaimi. Ma'aikacin yana ta rubutu. Da suka gama ya ce ya yarda da shaidarsu duka, sai dai wanda ya sayi jirgi biyu, jirgi biyu ya sayar. Haraji ya ninka na farko.

Na zaci Dankure zai yi faɗa. Ina! Sai ya kai su wurin mai tuwo ya ciyar da su, yana dariya har da hawaye. Su kuwa kunya ta kama su, daga ranar duk giwan ruwan da ya fi ƙiba shi ake ajiye wa, mu a bar mu da ƙananan tarwaɗa.

Babur dai dole ya tafi, kuma ni na saya, ban ko nemi ragi ba. Dankure ya koma hawa saman kaya a motar Argungu. Ranar farko da na hau babur na ratsa unguwar Badariya a hankali don kowa ya gan ni. Yara suka biyo ni da gudu suna ihu, "Ga babur ɗin Dankure!" A kasuwa haka, a ƙofar masallaci haka. Da abin ya ishe ni na kai shi aka mayar da shi shuɗi, na fito ina hura hanci.

Mai shayin bakin tasha ya leƙo ya ce, "A'a! An yi ma babur ɗin Dankure fenti?"