Shayin Bankwana a Bakin Tabki

Shekarun baya, ina ɗaliba a Lyon, ƙawata 'yar Damagaram ta gama karatu za ta koma gida. Na ce ba a ɗakinmu na La Guillotière za mu yi bankwana ba, inda ƙarar motoci ke cinye rabin hira. Akwai wani tabki a tsakiyar daji da na daɗe ina kallo a hoto. Can nake so mu kafa tanti, mu dafa shayi irin na gida, dahuwa uku.

Mutane na tafe da 'yan jakunkuna marasa nauyi, mu kuwa da gawayi da ɗan murhun waya da buta, ga sukari kamar za mu buɗe shago. Muka isa muna haki. Ruwan ya kwanta lif, itatuwa sun sunkuya suna duba fuskarsu a ciki. Ina tsaye ina neman kalmar da ta dace da shi, ƙawata ta ce, "Malama mai waƙe, sauko ki yi fifita."

Gawayi ya fara ja ke nan sai ga mai gadin dajin, wani dattijo mai farin gashin baki. Ya ce da rani ba a hura wuta ƙarƙashin itatuwa, doka ce. Muka kashe. Idona ya cika da ƙwalla.

Ƙawata ta ce, "Monsieur, jibi zan hau jirgi. Shayinmu na ƙarshe ne."

Ya dube ta, ya dubi butar. Ya ce a ƙetaren tabkin akwai murhun duwatsu inda aka yarda da wuta. Muka zagaya ta cikin daji, shi a gaba, rungume da gawayinmu.

Da shayi ya yi kumfa muka miƙa masa kofin farko. Ya kurɓa, ɗaci ya yamutsa masa fuska, ya yi godiya zai tashi.

"Ina zuwa?" in ji ƙawata. "In ka sha na fari, sai ka jira na uku. Mu ma doka ce."

Ya yi dariya ya koma ya zauna. "Kun bi tawa, zan bi taku."

Yanzu tana Yamai da 'ya'yanta, ni ina nan. Ban taɓa samun kalmar da na tsaya nema ranar nan ba. Amma duk sa'ad da na ji ƙamshin gawayi, tabkin nan na dawo mini, da muryarta tana cewa in sauko.