Tsutsar da Na Zaɓa wa Ƙadangaren Abokina

Ina tsaye a shagon dabbobi a unguwar Karama, nan ƙasar waje, ina leƙa robobi cike da tsutsotsi, sai kiran Mama ya shigo daga gida.

Abokin zamana ɗan Filifin ne. Korona ta tare shi a ƙasarsu, ya bar min ƙadangarensa, irin mai gemun nan da ake kiwo a akwatin gilashi. Tun tafiyarsa ƙadangaren ya daina ci, sai dai ya kwanta ƙarƙashin fitila ido a lumshe, kamar mai tuna wani gari.

Mai shago ya ce kada in ɗauki tsutsar da ta fi tsakanin idanun ƙadangaren girma, za ta shaƙe shi. Na zaɓi ƙanana masu laushi.

"Me kake saya?" in ji Mama.

"Tsutsa, Mama. Ta ƙadangare."

Na zaci za ta yi dariya, ni da na yi yarinta ina harbinsu da danƙo a katangarta. Da na ba ta labarinsa, sai ta ce:

"Ashe shi ma kewa yake. Ka zauna kusa da shi in zai ci. To kai, wa ke zama kusa da kai?"

Da yamma na kaɗa miyar kuka, na ja kujera gaban gilashin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya lashe tsutsa ɗaya, ya gyaɗa kai irin na 'yan katangar Mama. Har na ji kamar tabarmarta ce a ƙarƙashina.

'Yan'uwa na nesa, ku da wa kuka ci abinci yau?