Tulun da Na Durƙusa wa a Misfala

Malam Edita, a gidan suna ne a unguwar Jarwal ta Makka na fara jin wani abu ya soki zuciyata. Muna zaune cikin mata ana rarraba shayi, sai wata amarya ta sunkuya ta miƙo mini kofi, mayafinta ya zame, na ga ɗankunnen mahaifiyata a kunnenta. Ba kama ba ce. Akwai wata 'yar lotsawa a gefensa, shatin haƙorina ne tun ina goye, marigayiya ta sha nuna mini tana tsokanata wai na fara cin zinariya kafin in fara cin tuwo. Wannan ɗankunne kuwa ni da hannuna na jefa shi cikin wani tulu, aka ce mini ya tafi inda idon ɗan Adam ba ya kaiwa. Amaryar kuma surukar matar da ke da tulun ce. Ka yi mini haƙuri idan zancen ya karkace.

A lokacin ban cika shekara ashirin ba. A hanya aka haife ni, iyayena suna tafe daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji, muka daɗe a Sudan har na yi makarantar 'yan mata ta gaba da firamare a Omdurman. Mahaifiyata ta rasu a Sawakin muna jiran jirgin ruwa. Muka iso Makka ni da Baba, muka sauka a Misfala wurin ƙanwarsa, wadda ta riga mu zuwa da jimawa, mijinta ya mutu, tana tuyar ƙosai a bakin lungu. Baba ya kama sana'ar ga-ruwa. Gwaggon nan ita ta zame mini uwa. Ita ke mini kitso, ita ke ajiye mini ƙosai mai zafi a ƙasan kwano, tana kirana malama ƙarama, wai kaina ya cika da boko har tsefe shi yana wuya. Da a ce wani ya gaya mini za ta iya cutata, da na rantse ƙarya yake yi.

Bayan Hajji Baba ya ɗaura niyyar ziyarar Madina. Ba shi da kuɗin mota, sai ya bi wani ayari na mutanen da ba mu sani ba, da ƙafa. Ya ce in Allah ya yarda kafin watan Mauludi yana gida, ya damƙa ni a hannun Gwaggo. Mauludi ya zo ya wuce. Watanni suka bi baya, babu shi babu labarinsa. Kowa ya san abin da hanyar nan take yi wa matafiya, ƙishirwa da zazzaɓi da ɓata. Na daina cin abinci. Duk ga-ruwan da na hango da sanda a kafaɗa sai in bi shi da ido har ya juyo in ga ba shi ba ne.

Cikin wannan hali Gwaggo ta ce in shirya ta kai ni wurin wata baiwar Allah a can ƙarshen unguwa. Mata suna kiranta Inna mai tulu. Tsohuwa ce mai taushin murya, ta rungume ni ta ce ya binti, wato 'yata, kukana ya ƙare. Ta shigar da mu wani ɗan ɗaki mai duhu, ga wani babban tulu jingine da bango, an yafa masa baƙin ƙyalle da ta ce guntun tsohuwar rigar Ka'aba ne. Ta ce tulun wani waliyyi ne da ya shekara da shekaru yana zuba Zamzam a ciki, albarkarsa ta zauna a ciki ba ta fita ba. Ranar ba a ce in yi komai ba sai shan ruwa. Wa zai ƙi shan Zamzam? Zuwa na biyu aka ce in sa turare a kasko, don girmama mai albarka. Daga baya aka ce ba a tsaya masa a kai, rashin kunya ne, a durƙusa. Ran da na durƙusa, Inna ta kira sunan Baba ta tambayi tulun ko yana raye. Wallahi, Malam Edita, tulun ya yi gurnani. Wani irin kuka mai kauri kamar na bijimin sa, har na ji shi a gwiwoyina. Inna ta ce ya amsa, mahaifina yana da rai, amma yana tsakanin rai da mutuwa, Kaka ne ke riƙe da shi. Haka suke kiran tulun, Kaka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ƙissar nan. A makaranta malamarmu ta koya mana labarin Bani Isra'ila, yadda Annabi Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa ya ɗan jinkirta, mutanensa suka ƙagu, aka tattara kayan adonsu aka ƙera musu maraƙi mai yin kuka, suka kewaye shi suna bauta. Ni ce ma na tashi a gaban aji na yi bayani, har na ce ban taɓa jin wawaye irinsu ba, an tsaga musu teku a gaban idonsu amma kukan maraƙi ya ruɗe su. 'Yan aji suka yi dariya, malama ta yaba mini. Ga ni nan kuma, ina iya hango hasumiyoyin Harami daga soron gidanmu, amma da Inna ta ce Kaka yana son abin da ya fi soyuwa a zuciyata, ban yi gardama ba, na kwance ɗankunnen mahaifiyata daga bakin zanina na jefa. Ko sau ɗaya maraƙin bai faɗo mini a rai ba. Wancan ai gunki ne na kafirai, wannan kuwa Zamzam ne da rigar Ka'aba. Haka na gaya wa kaina.

Daga nan na zama mai hidimar ɗakin. Ni ke shara, ni ke hura gawayin turare, ni ke shigo da mata ɗaya bayan ɗaya. Inna ta sa na ɗora hannuna a bakin tulun na yi alkawari ba zan bar hidimarsa ba sai Baba ya dawo, ta ce duk ranar da na juya masa baya zai saki mahaifina a jeji, ni kuma ya ɗauke mini hankali in bi titi. Mata suka yi ta zuwa, mai neman haihuwa, mai ɗa a kwance, wadda mijinta ya tafi Jidda ya manta da ita. Idan wata ta yi jinkirin cire awarwaronta, sai Inna ta nuna ni, ta ce ga mai ilimi nan da ta yi karatu a Sudan, ita ma ta durƙusa, balle ke da ba ki san alif ba ko ya yi girman taɓarya. A yi dariya, matar ta cire. Ashe ni ce tallar. Har kaza na riƙe aka yanka a gindin tulun, ba da sunan da ya kamata ba, Allah ya yafe mini.

Da na dawo daga gidan sunan nan na gaya wa Gwaggo abin da na gani. Ba ta ko ɗago daga kaskon tuyarta ba. Ta ce maƙerin da ya ƙera na uwata ba shi kaɗai Allah ya ba guduma ba, in rufe bakina kada in ja wa ɗan'uwanta. Amma idona ya riga ya buɗe. Kashegari da hantsi ina shara ni kaɗai, na yi abin da aka hana, na ɗaga ƙyallen ta baya. Sai ga huda a gindin tulun, an cusa wani kara mai rami an liƙe da laka, karan ya ratsa bango zuwa ɗakin da ɗan Inna yake kwana. Babu ko ɗigon ruwa a ciki. Zamzam ɗin da ake ba mu daga wata buta ake zubowa.

Za ka ce shi ke nan na tsira. Ina. Wannan ne abin da nake so 'yan'uwana mata su fahimta. Na ga karan da idona, na taɓa shi, amma tsoron bai tafi ba. Zuciyata tana cewa idan fa karan ma gwaji ne? Idan fa akwai wani abu duk da haka? Ran Baba ne a kai, ba zan yi caca da shi ba. Na mayar da ƙyallen na ci gaba da hura turare, ina shigo da matan mutane ina kallonsu suna kuka a gaban huhun wani ƙato.

Wata dattijuwa ce ta ƙarasa ni. Ta zo tambaya a kan jikanta, ta ƙura mini ido, ta ce ke ba 'yar wane ga-ruwa ba ce, mai tsagar nan a kumatu? Ta tambaye ni ya jikin nasa, ko ƙafar ta ɗinke. Na tambaye ta wace ƙafa. Ta ce ai ita ta gan shi a Madina, raƙumi ne ya take shi ya karye a cinya, wasu mutanen garin su Baba da ke can suka ɗauke shi suna jinyarsa, yana cin abinci har yana ba'a. Shi ya roƙe ta ta isar da saƙo cewa kada 'yarsa ta tayar da hankali. Ta ce tun dawowarta ta tsaya a wurin ƙanwarsa mai ƙosai ta faɗa mata, har ta ba ta ƙosai kyauta na tukuici. Da na lissafa, saƙon ya riga zuwana na farko gidan Inna.

Ban san yadda na kai gida ba. Gwaggo ba ta musa ba, wannan ya fi zafi. Ta ce to, da me nake tsammani ake ciyar da ni, da Ingilishin Sudan? Ta ce Inna tana ba ta ɗan abin da ba a rasa ba a kan kowace mace da ta shigo, kuma ai ba ƙarya aka yi mini ba, an ce yana raye kuma yana raye. Na tambaye ta yadda ta iya kwana kusa da ni tana jin kukana. Ta ce kuka bai taɓa kashe kowa ba, yunwa ce ke kisa. Sannan ta sassauta murya, irin muryar da take mini kitso da ita, ta ce in yi wa kaina faɗa, in maganar nan ta kai kunnen mutawwa'ai, 'yan hisbar nan masu sanda, ba tsohuwa za a nuna ba, ni za a nuna, don ni kowa ya gani da kaskon turare. Ta kuma tuna mini alkawarin da na ɗauka da hannuna a bakin Kaka, ta ce Baba bai iso gida ba tukuna, akwai sauran hanya.

Ban sake komawa ba, amma abin da na gani a makonnin nan ba na fatan maƙiyina ya gani. Ina ɗaki ɗaya da matar da ta sayar da ni, muna cin abinci a kwano ɗaya. Jaki ya yi kuka a lungu sai in zabura. In na manta inda na ajiye allura sai in ce haukan ne ya fara. In na ji takun sanda a ƙofa, ban san ko mutawwa'ai ne ko mai kawo labarin mutuwa ba. In na tayar da salla sai kunya ta rufe ni, ina tunanin gwiwar nan a ina ta durƙusa.

'Yan'uwana mata, musamman masu niyyar zuwa ƙasar nan, kada ku ɗauka kusanci da Ɗakin Allah katanga ce. Kada kuma ku yi wa Bani Isra'ila dariya yadda na yi. Ba wawaye ba ne, mutane ne da wanda suka dogara da shi ya yi nisa, tsoro ya kama su, wani ya ba su abin da ido zai gani kunne ya ji. Ba wanda zai zo miki da gunki ya ce ga gunki. Da Zamzam za a fara, kuma mai yiwuwa hannun da zai ja ki shi ne wanda ke miki kitso.

Baba ya iso wata ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan motar kaya, yana ɗingishi da sanda. Ban bari ya sha ruwa ba na faɗi a gabansa na zayyane masa komai. Bai dubi ƙanwarsa ba, har yau ma bai dube ta ba. Ya ce in tashi in kai shi. Muka tarar Inna da ɗanta sun kwashe sun gudu tun da suka ji motar Madina ta sauke shi, sun tafi da ƙyallen da zinariyar mutane, sun bar tulun tsirara. Na toge a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Baba ya ja ni zuwa ɗaya ɗakin, ya nuna mini bakin karan a bango, ya ce in hura. Na ce ba zan iya ba. Ya ce yana nan tsaye, in hura. Na sa bakina na hura, sai ga gurnanin nan ya taso ta bayan bango, shi ɗin dai, wanda na yi watanni ina rawar jiki a gabansa, da numfashina. Na zube ina kuka. Baba ya dafa kaina ya ce in saurara, ga shi da ransa, ga ni da hankalina, Wanda ya riƙe shi a hanya bai taɓa zama cikin tulu ba, kuma Yana karɓar tuba. Ya ce babu abin da zai same ni. Ana kiran magariba daga Harami, ya miƙo mini butarsa ya ce in yi alwala.