Ƙuli-ƙulin Kaka da Wushiryarta

Jiya ƙamshin ƙuli-ƙuli ya doke ni a kasuwar garinmu Falanko, sai na tuna Kaka, shekara guda da rasuwarta. Nata ƙulin ko jaki ya tauna sai ya zubar da haƙori, amma rububinsa ake yi. Da ciwon daji ya kama mata nono, kowa ya gudu, wai a abinci ake ɗauka. Mutanen da suka ci nata tun suna yara masu yawo ba wando!

Ran nan ina iza mata wuta, mai yana tsartsatsi, ta ce, "Ke ja'ira, je ki gaya musu ba a kasko na samo shi ba. Wurin uwata na gada, tare da wushiryar nan." Likita ma ya ce yakan bi jini, ba ya bin kwano.

Yanzu Innata, 'yar Kaka, ta ji ƙullutu ta ɓoye don tsoron bakin mutanen nan. Na yi ta ihu har awakin maƙwabta suka watse. Gobe Baba zai kai ta asibitin Damagaram.

Allah Ya haskaka makwancinki, Kaka. Ya sa wushiryar kaɗai kika bar mana.