Yaji Babu Gidan Zuwa

Mijina na farko ɗan dakon nama ne a mayankar Oko-Oba da ke Legas. In ogansa ya zage shi a gaban mahauta, sunkuyar da kai yake yi ya ce, "A yi haƙuri, oga." Sai ya ƙunso zagin har ɗakinmu a Agege, ya sauke a jikina.

A garinmu, in miji ya doki mace, mayafinta take ɗauka ta yi yaji. Dole ya je biko, ya durƙusa gaban ubanta ya sha faɗa. Kunyar durƙuson nan ce ke riƙe hannun maza da yawa. A Legas kuwa ba ni da ko ƙanin uba, kuma ya sani.

Ranar da ya fasa min baki don miya ta huce, na ja mayafina na nufi ƙofa. Ya finciko ni, ya buga kaina da bango, ya yi ta tattaka ni da takalmin robar da yake shiga jini da shi. Maƙwabtanmu suna tsakar gida, ina jin wani yana cewa tsakanin miji da mata sai Allah. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi ce ta ɓalle ƙofar da taɓarya.

Yana haki ya ce min, "Ki tafi mana. Gidan uban wa za ki?"

Mutane suka ce fushi ne ya rufe masa ido. Ƙarya ne. Wanda ya iya ƙyale oga, ya kuma san nisan gidanmu, garau yake gani.