Abin da Baba bai ajiye ba a Azumin nan

A ƙauyenmu da ke gefen Babban Duhu, gidajen Katolika ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ranar Larabar Toka mukan dawo daga coci da gicciyen toka a goshi, maƙwabtanmu Musulmi su yi mana barka da shiga azumi. Da an sauke tuwo bayan magariba, Kaka takan tara mu a bakin murhu, kowa ya faɗi abin da zai bari har kwana arba'in.

A shekarar da nake tunawa, ni na bar rake, Mama ta bar shayi, Baba ya ce ya bar goro da nama. Kaka ta dube shi. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai wannan, shi ke nan abin da ka ke bari?"

"Shi ke nan, Inna."

Duk mun san inda ta nufa. Shekara biyu Baba bai gaisa da ƙanensa, Baffa Markus, ba, tun da Baffa ya tuge gambar da ke iyakar gonakinsu. Ko a coci, in aka zo gaisuwar salama, sai Baba ya sunkuya yana gyara takalmi.

Kaka ta zuga wuta ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu buɗe kunne. Wai wani manomi ne ya fi kowa iya sharar gona. Ya tattara kara ya ƙone, ya share har ƙasa na sheƙi, amma ya bar kututturen geza guda a tsakiya. Kullum kurciya takan sauka ta ce mashi, "Mai gona, tone shi." Shi kuwa ya ce rana ta yi zafi, sai gobe. Ruwan farko na sauka geza ta tofo, saiwarta ta bi ƙarƙashin ƙasa ta shaƙe geron duka.

"Ta ƙare nan," in ji Kaka. "Wanda ya ji, ya ji."

Mu yara muka yi ta dariyar wautar manomin. Baba ya kakkaɓe riga ya tashi. Na ji yana ce wa Mama zai je wurin Markus, amma sai bayan bikin Ista, wato ƙarshen azumi, in zuciyarsa ta huce.

Azuminsa bai da aibi. Goro bai taɓa bakinsa ba, kuma bai fasa addu'ar Hanyar Gicciye a coci ko Juma'a ɗaya ba. A mako na biyar, da zafi ya tsananta, sanƙarau ya kama Baffa. Kwana biyu kawai ya yi yana jinya. Da Baba ya isa asibitin Safana a guje, Baffa ba ya gane kowa, a haka ya rasu.

Baba ne ya haƙa kabarin, ya hana kowa karɓar diga. Kaka ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma ba ta sake ba mu wannan tatsuniya ba har ta rasu.

Na daɗe ina zaton labarin a kan lalaci ne. Sai da na girma, na yi nawa fushin, na gane barin abin da baki ke so shi ne mai sauƙi, kuma ba kowa ke kaiwa ƙarshen arba'in ɗin ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Baba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni. Duk ranar Lahadi shi ke fara miƙa hannu a coci, yana lalube, ba ya barin kowa a bencinsa bai gaisa da shi ba.