Robar da Ta Tsare Ni a Hanyar Keita

Sabon Gida zuwa Madawa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na tayar da mota daga Sabon Gida. Jiya da la'asar mijin yayata, Malam Habu, ya kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Keita, ya ce, "Isuhu, Hajo na kiranka. In da hali ka taho." Yaya Hajo ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har gobe Auta take ce mini duk da furfurar da ke gemuna.

Da na tashi a lokacin, da wannan labari bai samu ba. Amma motata ja ce mai ƙofa biyu, mai kwanciya a ƙasa, wadda na saya da ribar albasa don son gudu kawai, kuma baƙin manta ya daɗe. Na ce bari in yi mata juye tukuna. Garaji sun rufe, sai na shiga ƙarƙashinta da kaina ana kiran magariba, na kwance tsohon filtir na mai, na ɗaura sabo, ina yaba wa kaina.

Na yi sallar asuba a Madawa, na biya gidan Gwaggo Tamo, ƙanwar mahaifinmu, don mu tafi tare. Ta leƙa motar ta ja da baya.

"Ni ban shiga abin da sai na durƙusa. Kai ni tasha, motar kasuwa ta ishe ni."

"Gwaggo, awa biyu da rabi muna gida."

"Allah shi kai ka. Ni dai tasha."

Na kai ta, na bar ta a gaban wata tsohuwar mota da ake ɗaure wa buhuna da awaki a sama. Da zan tashi na ga ɗigo uku na baƙin mai a inda na tsaya. Na ce ragowar na jiya ne.

Madawa zuwa Buza

Na bar Madawa shida da rabi. A shingen fita gari wani jandarma ya duba takarduna, ya sunkuya ya ce, "Alhaji, motarka na hitsari." Na yi dariya na wuce.

Ban yi kilomita talatin ba jar fitilar mai ta kama. Na tsaya na kwanta a ƙasa, na ga mai yana tsiyaya daga wuyan filtir yana bin ƙarfe. Na naɗe hannu da tsumma na ƙara matse shi har ya ƙona mini yatsu biyu, na juye lita guda da na riƙo, na tashi. Bayan kilomita bakwai fitilar ta dawo.

Ina tsaye nan, wajen takwas da kwata, motar kasuwar nan ta iso tana tangaɗi. Direban ya rage gudu, Gwaggo ta fito da kai.

"Isuhu, bar ta nan ka shigo. Akwai wuri."

"Ku tahi, Gwaggo. Ƙaramin abu na, yanzu in wuce ku."

Na ce ba zan bar mota a daji ba. Gaskiyar magana, kunya na ji a ce mai jar mota ya isa gida tsakanin awaki. Wannan amsa da na ba Gwaggo ita ce abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar.

Wani mai babur ya sayo mini lita biyu daga ƙauyen gaba. Haka na lallaɓa, in tafi kaɗan in kashe, har na shiga Buza goma saura.

Buza

Makanikin da aka nuna mini kusa da tasha bai ko kwanta sosai ba. Ya ce, "Hiltir ɗin ga jabu na, sai an sake." Irin na motata ba ya nan a garin sai a wajen mutum guda, shi kuma ya tafi suna. Na zauna a kan benci sama da awa biyu. Wata mai abinci ta miƙo mini shinkafa da wake, na biya, na kasa kai loma uku.

Sha ɗaya da rabi Malam Habu ya kira, ya ce bari ya sa mata wayar a kunne. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Auta, kana ina?"

"Ina Buza, Yaya. Ga ni nan tahe."

"To. Kak ka yi gudu."

Abin da ta faɗa ke nan. Tun ranar da na sayi motar take mini tsiya, wai na sayi abin da ba ya ɗaukar ko buhu guda na albasa, sai ɗaukar rai. Na juya wa mutane baya na share ido.

Sha biyu da rabi aka ɗaura sabon filtir. Makanikin ya zura hannu ta sama ya ɗaure shi da lalube, ya sa ƙarfe ya matse iya ƙarfinsa, ya ce ko Agadas zan je babu abin da zai ɗiga.

Buza zuwa Keita

Hanyar nan duwatsu ne da gangara, motar da cikinta ke shafar ƙasa ba ta da ta cewa. Na yi kamar kilomita ashirin da biyar, fitilar ta sake kamawa, wannan karon mai har feshi yake. Waya babu rezo, kira ba ya shiga. Na zauna a kan dutse na rasa abin yi, har wasu masu amalanke suka taimaka muka tura ta zuwa wani ɗan ƙauye a bakin fadama.

Can aka kira mini wani dattijo, Baba Alhasan, mai gyaran injin ban-ruwa na masu lambu. Ya ce bai taɓa taɓa irin wannan mota ba, amma mai ai mai ne. Ya jira ƙarfe ya huce, ya kwance filtir, ya sa yatsa yana shafa mazauninsa a jikin injin. Sai ya ɓanɓaro wata baƙar roba, zagayayya kamar awarwaron jariri.

"Ga ɓarawonka. Robar tsohon hiltir ta, ta liƙe ba a cire ba. Kowane sabo da tashi robar yaka zowa, in sunka hau juna, matsi ƙara ɓata su yakai. Wa yam maka juye?"

"Ni na, Baba."

Ya dube ni. Ya goge wurin, ya mayar da filtir da hannu kawai, aikin bai kai minti goma ba. Ya ƙi karɓar komai da ya ji inda za ni. Huɗu saura kwata na tashi, ko ɗigo babu, motar tana tafiya lafiya lau kamar ba ita ba.

Gida

Na ratsa Keita ban tsaya ba. Biyar saura na shiga ƙauyenmu, na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, Malam Habu a gaba. Ta cika bayan azahar. Sun neme ni a waya ba su samu ba, suka jira har la'asar.

Gwaggo ta isa tun sha biyu da rabi, ta samu awa guda da wani abu tare da ita. Ta ce duk ƙarar injin da Yaya ta ji, ko na babur ne, sai ta buɗe ido ta ce, "Shi na?" Daga baya ta ce a ajiye mini fura, don Auta ba ya cin abincin hanya. Suka kawo mini ƙwaryar a rufe da faifai. Na sha ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Kwana bakwai na yi. Ranar komawa na ce wa Gwaggo zan kai ta tasha, sai na ga ta buɗe ƙofar jar motar da kanta, ta durƙusa da ƙyar ta shiga.

"Yanzu ba mu da sauri," in ji ta. "Kak ka yi gudu."

Ban wuce arba'in ba har Madawa. Na sauke ta, na isa Sabon Gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa masu amalanke da Baba Alhasan, da Gwaggo da ta riƙe hannun Yaya a madadina. Robar tana aljihuna har yau. Wanda ya karanta wannan, ya sa Hajo a addu'a, Allah ya jiƙanta.